Hular Zinaren Jatau

Ku matso, yara. Wannan a wani gari mai nisa aka yi shi, garin da ni kaɗai na taɓa zuwa na dawo.

A garin akwai wani wasa na cikin waya, kowa da jaruminsa. Jarumi yakan fara ba ko takalmi, yana kashe dodanni yana hawa mataki, in ya kai ƙoli a sa masa hular zinare. Sai mai wasan ya buɗe wata ƙofa: ka biya kuɗi, nan take hula ta hau kanka.

Wani yaro, Jatau, ya ƙi saye. Abokinsa Barau ya saya, ya ce, "Kai, har yanzu ɓeraye kake kora?"

Jatau ya ce, "Ni da ƙafata zan hau."

Dodo ya kashe jaruminsa, ya sake. Ya kashe shi, ya sake. Ƙannen bayansa suka saya, suka wuce suna masa gwalo. Ya ce, "Ni da ƙafata zan hau."

Damina ta zo ta wuce, babban yatsansa ya yi kanta. Ran nan sai ga hula. Ya ruga dandali yana ɗaga waya sama.

Barau ya leƙa, ya yi dariya. "Ashe kai ma ka gaji. Nawa suka karɓa?"

"Wallahi ban saya ba."

"Haba malam, duk haka muke cewa."

Jatau ya dubi hularsa, ya dubi ta Barau. Babu bambanci ko na zare ɗaya. Ya sa wayar a aljihu, ya kama hanyar gida shi kaɗai.