Ɗanladi Mai Lanƙwasa

Ranar Asabar da hantsi kamfanin gwanjo ya dawo wa Alhaji Badaru da ƙwallonsa har gidansa na unguwar Peckham a Landan, haɗe da takarda mai layi ɗaya: sa hannun da ke jiki jabu ne.

Ƙwallon besbol ce, shekara talatin tana cikin kabad ɗin gilashi. Lokacin da Alhaji yake ɗalibi a Amurka, wani ɗan wasan besbol, Danladi Brooks, wanda ubansa Bakano ne, ya sa masa hannu a kanta. Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan ya ji labarin, wasu sau goma. Alhaji ya so sayar da ita ne a ɓoye, ya kai matarsa Umara. Yanzu ga shi babu kuɗi, labarin ma ya zama kamar ƙarya, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Ya kira 'yar ƙanwarsa Jamilatu, 'yar sanda mai binciken laifi. Ta sa safar hannu, ta juya ƙwallon a gaban taga. Tawadar ba ta kwanta cikin fata ba, sabuwa ce fil. Ta shinshina, ta ɗaga gira. Sannan ta ciro tsohon hoton Alhaji riƙe da ƙwallon daga bango, ta daɗe tana kallo.

"Kawu, musanya aka yi maka. Su wa ke taɓa kabad ɗin nan?"

"Fa'iz, da Hajiya. Sai Issahaku mai aski, shi ya kai mini ita kamfanin."

Ta tara su a falo, ta ba kowa biro da takarda.

"Ku rubuta mini sunan ɗan wasan."

Fa'iz, babban ɗan Alhaji, haifaffen Landan, ya ce, "Yaya Jamila, seriously?" Ya rubuta, ya miƙo.

Issahaku, mutumin zangon Kumasi, ya dafa ƙirji. "Wallahi kwali na kulle na kai shi, ban buɗe shi ba." Shi ma ya rubuta.

Hajiya Muhibbat, matar gidan, wadda ke koya wa yaran unguwa Hausa duk Lahadi, ta rubuta nata tana hira, ko kallon takardar ba ta yi ba.

Jamilatu ta jera takardun kusa da hoton, tana danne dariya.

"Kawu, dubi hoto. Brooks a Amurka ya tashi, D ɗinsa tsaye yake, ba lanƙwasa. Haka Fa'iz ya rubuta, haka Issahaku. To dubi jabun: Ɗanladi, da lanƙwasa a kai, tsaf. Mutum ɗaya ne a gidan nan hannunsa ba zai iya barin wannan harafi tsirara ba. Kuma an jiƙa ƙwallon da shayi don ta yi kamar tsohuwa, amma shayin da citta da kanumfari. Anti, ina ta gasken?"

Hajiya ta gyara mayafi, ta shiga kicin, ta dawo da kular da ba a taɓa zuba abinci a ciki ba. Ƙwallon na kwance a ciki, naɗe da tawul.

"Na ga takardar kamfanin a aljihun rigarka, Alhaji. Umara in Allah ya kira mu za mu je. Amma ka sayar da wannan, me za ka riƙa ba baƙi labari? Ban iya ganinka shiru ba."

Alhaji ya rungume ƙwallon, ya yi dariya har da hawaye. Ya buɗe kabad ya ajiye su biyun gefe da gefe, ta gaske da jabu. Fa'iz ya dafe kai, don ya gane labarin ya ninka tsawo ke nan.

Jamilatu na cire safar hannu ta ce, "Anti, da kin kwaikwayi hoton daidai, da na sha wuya."

"Na gani sarai," in ji Hajiya. "Shi Brooks ɗin ne bai iya rubuta sunansa ba. Gyara masa na yi."