Rigar da Ta Yage a Hanyar Jega

Ba a dandali suka haɗu ba, ba kuma a gidan biki ba. A bakin kwalta ne, ranar da motar albasa ta kife tsakanin Aliero da Jega da mutane cike a samanta.

Khalilu ɗan agaji ne, ya sami horon taimakon gaggawa a Sakkwato, babban birnin jiharsu a lokacin. Yana isowa ya ɗaga murya: "Duk mai iya tahiya shi koma ƙarƙashin icce! Kada a ɗaga kowa, kada a ba kowa ruwa!"

Sai wani dattijo mai karyayyar ƙafa, Malam Lauwali na Danwarai, ya cafke masa riga. "Yaro, ƙanena Hamidu! Duba min shi!"

Khalilu ya durƙusa. Ya gyara wa Hamidu kai, ya kai kunne bakinsa, ya taɓa jijiyar wuya. Shiru. Ya miƙe.

"Baba, ka yi haƙuri."

Malam bai saki ba. Khalilu ya fizge, rigar ta yage, ya nufi wata mata mai ciki da ke kwance ba ta ko nishi, jini na tsartuwa daga cinyarta. Gudiya ce, matar Hamidu. Wata yarinya na tsaye a kanta.

"Mi sunanki?"

"Murjanatu."

"Murjanatu, kawo gyalenki. Danne nan da duk ƙarhinki. Ko kin gaji kada ki ɗaga."

Ya juya Gudiya kan gefen hagu, ya wuce wajen wasu. Da mota ta samu, ita ya fara sakawa. Har asibiti Murjanatu ba ta ɗaga hannu ba. Can ne ya kalle ta sosai, ita ma ta kalle shi, ta sunkuyar da kai. Sai daga baya ya san 'yar Malam Lauwali ce.

Mutum biyar aka binne, har da Hamidu.

Bayan sadakar arba'in Khalilu ya soma zuwa Danwarai, wai duba masu jinya. Jinya dai ta warke, zuwa bai ƙare ba.

"Mai gyale," in ji shi wata la'asar, "na iya tsai da jini, amma ban iya tsai da tunaninki ba."

Ta rufe fuska. "Ɗan agaji, ni ma tun ran nan ban warke ba."

Da magabatansa suka je neman aurenta, Malam Lauwali ko tabarma bai sa an shimfiɗa ba. "Wanda yab bar ƙanena ƙasa yaw wuce? Ba ni ba shi ɗiyata." An sha gaya masa wanda ya ceci Gudiya, amma baƙin ciki ya toshe masa kunne. Ga kuma Surajo dillalin albasa, wanda ya ɗauki Malam a motarsa ran haɗarin zuwa wurin masu ɗori a Aliero, ya fito neman Murjanatu. Malam ya ce bayan an kwashe albasa zai ba da amsa.

Khalilu ya ɗauke ƙafa don kada ya ƙara wa tsoho zafi. Murjanatu ta ɗauka ya janye ne, ta yi kuka har ta gaji, sannan ta aiki ƙawarta Yalwa: "Ki ce mai, shi yac ce min ko na gaji kada in ɗaga. Ni ban ɗaga ba. Shi hwa?"

Amsa ta dawo: "Ki ce ma Mai gyale hannuna na nan inda yake."

Ana cikin kwasar albasa Gudiya ta haifi namiji, takabarta ta ƙare. Ran suna, da asuba, ta ɗauko jaririn da kanta ta ɗora a cinyar Malam.

"Yaya, ni ina kusa da shi. Tun kahin ɗan agaji shi iso Hamidu ya cika. Na ji shahadarshi da kunnena, sannan nis suma. Da yaron nan ya tsaya inda kar riƙe shi, da yau ba ka da abin raɗa ma suna."

Malam ya daɗe yana kallon fuskar jaririn. Goshin Hamidu ne sak. Tun ranar haɗarin bai yi kuka ba, sai yau. Ya ce a sa wa yaro Hamidu, a kuma aika Jega a kirawo masa Khalilu.

Khalilu ya durƙusa a zaure. "Baba, wallahi har yau ina jin hannunka ga rigata. Ka gahwarce ni."

Malam ya ce, "Da yau aka sake haɗarin, kana tsayawa?"

Ya san amsar na iya raba shi da Murjanatu har abada. Hawaye suka cika masa ido.

"A'a, Baba. Ba ni tsayawa."

Malam ya gyaɗa kai a hankali. "Rigar tana nan?"

"Tana nan. Ban iya ɗunke ta ba."

"To, ka aje ta. Matarka za ta ɗunke."

Aka ba Surajo haƙuri, ya kuwa karɓa da mutunci. Bayan Sallah aka ɗaura aure, babu kiɗa, don gidan bai gama makoki ba. Malam da kansa ya yi addu'a, ya ce Allah Ya jiƙan na ƙasa, Ya albarkaci waɗanda suka tsaya wa masu rai. Jama'a suka shafa.

A ɗakin amarya, abin da Murjanatu ta fara nema shi ne allura da zare.