Jirin Auta

Tiren shayi na hannunta jiri ya ɗebe ta.

Falon ya juya, kofuna suka tarwatse a gaban Hajiya, mahaifiyar Injiniya, wadda ta zo ganin yarinyar da ɗanta zai aura.

"Auta!" Inna ta riƙo ta. "Jirin ne kuma?"

Hannunta sai rawa yake, gumi na tsattsafo mata, zuciya kamar za ta fasa ƙirji. 'Yar ƙanwar Hajiya, wadda ta daɗe tana mutuwar son Injiniya, ta taɓe baki.

"Hajiya, dubi idonta, dubi ramar nan... A kantin magani fa take aiki. Wallahi ƙwaya take sha!"

Hajiya ta yafa mayafi ta fita ko sallama babu.

Da yamma Injiniya ya sami Auta a kanti.

"Masoyina, wallahi ban san me ke damuna ba..."

"Ba ni jakarki."

"Jakata?"

Ya zazzage ta a kan teburin kantin, a gaban masu sayen magani. Hoda, carbi, makulli. Har aljihun ciki ya laluba. Bai sami komai ba, amma ya ce, "Mai sha ai ba ya rasa maɓoya."

Kafin sati ya zagayo, an aiko karɓar kayan sa rana.

Yayarta ce ta ja ta asibiti. Likita ta taɓa wuyanta, ta sa aka ɗebi jini.

"Akwai wata halitta a gaban maƙogwaro, tayirod. Taki tana aiki fiye da ƙima. Ita ke kawo jirin, da rawar hannu, da ramar. Da magani za ki warke."

Auta ta fashe da kuka, ba na murna ba.

Labari ya kai masa. Ya zo kantin, ido jajur.

"Hasken raina, ki yafe min... Zuga ni aka yi!"

"Na yafe."

"To in turo iyaye?"

"A'a."

"Auta, ina son ki!"

"Ni ma, shi ne abin haushin. Ranar da ƙasa ke juya min, hannunka na nema. Kai kuwa shaida ka zo nema."

Ya juya ya fita.

Ta zagaya bayan kwalaye, ta toshe baki da mayafi, ta yi kukanta har ya ishe ta. Bayan watanni jirin ya tafi, jikinta ya dawo. Ranar ɗaurin aurensa da 'yar'uwar tasa, Auta ce ta buɗe kanti kamar kullum.