Ba A Neman Aure A Tasha

Salamu alaikum mutanena! Har da ku masu karantawa ba ku cewa uffan, ina ganin ku sarai. Yau fa ba dariya na zo da ita ba, kowa ta tanadi gefen mayafinta.

"Wallahi Naziru ba za su zo nan ba!"

Sahura ce, ido jajir, ta tare ƙofar ɗaki da hannu.

Ɗakin sayar da tikiti ne a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Gusau. Can da, nan kakanta ke kawo gyaɗa a loda a tarago zuwa Zariya. Yanzu jirgi ya manta hanya, sito ya koma shagon masu walda, awaki ke kiwo a kan dogo. Tun da ɓarayin daji suka ƙone gidansu a Zugu, nan ita da Innarta suka fake, suna sayar da fura ta tagar tikiti.

Naziru ɗan Anka ne, walda yake yi a siton. Wai fura ke kawo shi tagar. Fura dai!

"Haba hasken raina, mi ne ne laifin nan? Baba ya yarda. Su kawu su zo da goro, a shimfiɗa tabarma, shi ke nan."

"A kan dogo? Ka san mi Maiturare ta ce mini?"

Maiturare ɗiyar kawunsa ce, ta daɗe tana harinsa. Har tagar ta zo, tana murmushi ta ce, "Amaryarmu, ranar ɗauko ki tikiti za mu yanka, ko a tarago za a loda ki?"

"Rabu da ita..."

"Ba ni rabuwa! Kowace ɗiya a zauren ubanta ake neman ta. Baffana Makau na Zugu, zaurenshi bai ƙone ba. Can za ku tahi!"

Inna ta ajiye ludayi. "Ke Sahura, ji tsoron Allah. Hanyar da muka gudo ko takalmi babu?"

"Inna, sau ɗaya dai... a ce ni ma ina da gida."

Naziru ya dube ta, ya yi 'yar dariya.

"To gimbiyar Zugu, share hawayenki. Bari in fara zuwa in gaida Baffa, in shaida mashi manya na tahe."

Ranar kasuwar Bukkuyum ya hau babur ɗinsa, ya kama hanyar Zugu.

Kafin ya kai, ɓarayin daji suka tare hanya.

Babur ɗin har yau ba a gan shi ba. Naziru kuwa an gan shi, a bakin wata gonar gero.

Bayan an kai shi makwancinsa a Anka, mahaifinsa Malam Namadi ya zo Gusau da ƙannensa. Inna ta shimfiɗa musu tabarma a bakin ɗakin, suka zauna ba wanda ya yamutsa fuska.

Tsohon bai yi faɗa ba. Gara ma a ce ya yi.

"Ɗiyata, yaron nan ya so ki. Mu ba zaure muke nema ba. Da nan aka ce mu zo, wallahi da mun zo."

Da suka tafi, Sahura ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta ce Inna ta nuna mata yadda ake zaman takaba.

Inna ta rungume ta tana kuka.

"Ba a ɗaura ba, ɗiyata... ba ki da takaba."

To 'yan mata, kar a yi mini shiru. Da ke Maiturare ta yi wa gorin nan, haɗiyewa za ki yi, ko ke ma tura shi za ki yi?