Sinalei Ta Ƙi Tashi

"Tashi daga kan bencin nan," in ji Lauina.

Sinalei ta gyara zaninta, ta jawo marafan kwalba goma sha biyu gabanta, ta dubi mahaifin nata ido cikin ido.

Mace ba ta zama a rumfar dara ta kasuwar Apia, iyakarta ta ajiye wa tsofaffi koko ta wuce. Lauina kuwa ya shekara ashirin yana mulkin allon nan mai gidaje baƙi da fari, har abin ya hau masa kai. Ya rantse ba zai saurari dangin Penaia mai neman aurenta ba, wai namijin da bai iya dara ba, ba zai iya riƙe gida ba. Sau uku Penaia masunci yana zama, sau uku ana cinye shi. Iosua, ɗan gaban goshin tsohon, wanda shi ma yake son ta, shi ke zuga masu dariya. Jiya Penaia ya gaya mata ya haƙura, jirgin Asabar zai bi ya koma garinsu.

"Koyo na zo yi, Baba. Ina ake turawa?"

Don ya rabu da ita, Lauina ya cije haƙora ya koya mata: a karkace ake tafiya, gida ɗaya, gaba kawai. In ta tsallake nasa ta ci, in ci ya samu dole ne a ci, marfin da ya kai ƙarshen allo a ɗora masa wani ya zama sarki. Kafin kokonsa ya huce ya share ta tas.

Dokar rumfar ita ce wanda aka cinye ya ba na bayansa wuri. Sinalei ta sake jera marafanta.

Iosua ya miƙa hannu zai janye ta, wani tsoho ya make shi da mafici, ya tambaye shi ko a gidansu haka ake taɓa 'yar mutane. To, ba mai taɓa ta, ita kuma ba ta tashi, allo kuwa ɗaya ne. Tsofaffi goma suka tsaya suna tsaki, amma duk harararsu kan Lauina take.

Ana wasa na biyar Penaia ya iso a guje, yana ƙarnin kifi.

"Masoyiyata, ya isa haka..."

"Yi mini shiru, abin ƙaunata. Kai kaye uku ka sha ka nemi jirgi. Ni ɗari zan sha, kuma a nan za a same ni."

Tsoro take ji ƙwarai, amma ta ƙi bari a gani.

A wasa na bakwai ta hango gida fanko a bayan marfin mahaifinta. Ta ɗaga nata, ta tsallake, ta ɗauke shi. Rumfa ta kaure da sowa, sai ka ce ita ta ci wasan.

Lauina ya daɗe yana kallon hannunta. Fushi ya so yi, alfahari ya riga shi.

"Penaia," ya ce ba tare da ya ɗago ba, "mutanenka su zo ranar Lahadi bayan coci. Allah Ya ba ka haƙurin zama da ita."

Hawaye ya zubo wa Sinalei. Ta goge da bayan hannu, ta ƙwanƙwasa allon.

"Ba mu gama ba, Baba. Turinka ne."