Inuwa a Ƙarƙashin Dokin Ƙofa

Shekara ashirin da biyu Lefteris ya yi yana ɗaukar faranti a otal-otal ɗin wasu, a bakin tekun kudancin tsibirinmu na Karita, a ƙasar Girka. Ya iya murmushin da ake yi wa baƙo, ya iya sunkuyawa, ya iya cewa sannu da zuwa da harshe biyar. Haƙuri ne kaɗai bai iya ba. Duk ranar da ya ga wani Bajamushe ko ɗan Atina ya sayi tsohon gida a bakin ruwa, ya shafa masa farin fenti, kafin shekara biyu ya haɗa da na kusa da shi, sai hassada ta ci shi.

Ya yi ta yi wa matarsa Argiro naci har ta sayar da gonar zaitun da mahaifinta ya ba ta ranar aure. Da kuɗin ya sayi masauki mai ɗaki tara a bayan tashar masunta. Firist, limamin cocinmu, ya zo ya yayyafa ruwa mai tsarki, aka yanka zakara a bakin ƙofa kamar yadda aka saba. Bazara biyu suka wuce, baƙi suna cika gidajen maƙwabta har ana kwana a baranda, shi kuwa nasa ko ƙuda ba ya leƙawa. Argiro ba ta taɓa yi masa gori ba. Kullum sai ta wanke zannuwan gadon da babu wanda ya kwanta a kansu ta shanya. Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

A nan ne ya tuna da Barba Haridimos (Barba muke ce wa dattijo), tsohon maginin da ya bar gari ya tare a kan dutse. Ana cewa duk ginin da ya sa wa hannu bai taɓa tsagewa ba, ana kuma rage murya in an zo faɗin dalili.

Da tsakar rana ya isa, lokacin da ko tsuntsu ba ya motsi. Bukkar makiyaya ce ta duwatsu, ƙofarta sai an durƙusa. Ciki duhu, ga warin kitsen akuya da tsohon cuku. Ƙahonin awakin daji jere a bango. Hotunan tsarkaka suna nan, amma duk an juya fuskokinsu sun kalli bango. Fitilar man zaitun tana ci da baƙin hayaƙi a kan wani faffaɗan dutse da jini ya bushe a kansa shekara da shekaru. Daga rufin kuwa jajayen zaren ulu ne ke reto, sun fi ɗari, kowanne da ƙulli a kai da gindi, wani dogo wani gajere. Babu iska a ɗakin, amma suna kaɗawa.

"Zauna, mai faranti," in ji tsohon, bai ko ɗago ba. "An zama mai gida, to ina baƙin?"

"Barba, ba wasa ya kawo ni ba."

"Babu mai hawo dutsen nan don wasa. Me kuka ba ginin?"

"Zakara."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Zakara! Akurki ka gina? Gidan dutse mutum yake so, mai tsaronsa." Ya miƙa hannu ya tsinko sabon zare. "Da hantsi, sa'ad da inuwa take da tsawo, ka auna inuwar mutum daga dunduniya zuwa ka, bai sani ba. Ka ƙulla, ka binne a ƙarƙashin dokin ƙofa. Baƙi za su zo har ka rasa inda za ka sa su."

"To sai in auna ta wani cikin masu saukowa daga jirgi."

"Baƙo naka ne? Ana kyauta da kayan wani? Sai wanda kuka ci burodi da gishiri tare, wanda zai juya maka baya ba ya tsoro."

"Shi mai inuwar fa, me zai same shi?"

"Kakarka ba ta gaya maka ba?"

Ta gaya masa mana. Babu wanda ya tashi a tsibirin nan bai ji ba: kwana arba'in. Ya sani sarai, ya yi tambayar ne don gobe ya ce wa kansa ba a ba shi amsa ba.

"Nawa zan ba ka?"

"Kwalbar giyar raki ɗaya. Ba ni ne mai karɓa ba. Amma ka buɗe kunne, duk ƙofar da ta zama taka daga yau ta shiga cikin maganar nan."

Lefteris ya gyaɗa kai. Hankalinsa yana kan zaren, bai tsaya ya auna zancen ba.

Surukinsa Barba Stratis, mahaifin Argiro, yana da shekara tamanin da bakwai. Kowace safiya yakan dogaro sanda ya zo ƙofar masaukin ya sha kofi, yana jan carbinsa na ƙahon rago. Lefteris ya kwana uku yana gaya wa kansa cewa ai tsohon ya riga ya ci zamaninsa. A rana ta huɗu, tsohon na tsaye yana kallon teku, ya durƙusa a bayansa da zare.

"Me kake nema a ƙasa, ɗana?"

"Maɓallin rigata ne ya faɗi, Baba."

"Bar shi, Argiro ta ɗinka maka wani. Kuma ka daina damuwa da gonar nan, ka ji? Ƙasa ce kawai. Ni ban riƙe ka ba."

Duk da haka ya ƙulla zaren, ya binne a ƙarƙashin dokin ƙofa.

Ranar ta arba'in aka sami Barba Stratis a kan kujerarsa, kofinsa bai ko huce ba. Kowa ya ce tsufa. Kafin a yi sadakar kwana tara, ɗakuna taran nan sun cika, waya tana ta ƙara ba hutu. Lefteris ya sayi mota, ya sai wa Argiro sarƙar zinariya da ba ta taɓa sawa ba. Sai dai wata safiya wata Baturiya mai tafiya ta riƙe hannunsa tana godiya. Ta ce su gai da tsohon nan mai carbi da yake buɗe musu ƙofa yana gyara musu gado, mutumin kirki, sai dai ba ya magana. Lefteris ya zaga bayan gida ya yi ta amai.

Kuna tsammanin ya tuba? Ina! Wanda ya ɗanɗana zuma ba ya tuna harbin. Bayan shekara biyu aka sa otal mai ɗaki talatin a kasuwa, ya saya, ya sake hawa dutse ya karɓo zare.

Wannan karon Sifis ne, masunci, amininsa tun suna yara, wanda ya riƙe 'yarsa Fotini ranar baftisma. A wajenmu wannan zumunci ya fi na jini. Ya same shi a tasha yana gyaran koma.

"Kai, attajiri! Yau ka tuna da talakawa?" in ji Sifis. "Ka yi tumbi kamar firist, kada ka hau jirgina ya nutse."

"Juya ka ga can, kamar guguwa ce ke tasowa."

Sifis ya juya yana dariya. "Wace guguwa? Kai dai faranti ka sani."

Kwana arba'in bayan nan aka tsinci jirginsa yana zagaye shi kaɗai, teku a kwance lumui. Da gawar ta fito, Lefteris yana cikin masu ɗaukar akwatin, ya yi kuka har mutane suna cewa Allah ya ba kowa amini irinsa. Kukan na gaske ne, abin da ya fi muni ke nan. Sabon otal ya cika maƙil, masu shara kuma suka fara ƙorafin sawun ƙafa jiƙaƙƙu a kan matakala, suna gogewa suna dawowa.

A cikin iyalin, Argiro ce ta fara ganin mamatan biyu ido da ido. Ta koma ajiye faranti biyu na ƙari a tebur, tana hira da bango. Wata rana ta kama rigar mijinta ta ce, "Baba ya gaji, Lefteris. Shekara nawa yana gyaran gado? Ka sallame shi ya huta mana." Ranar ya rantse da ran 'yarsa ba zai ƙara taɓa zare ba.

Ya cika rantsuwar, amma bai daina saye ba. Da wani kamfani ya tashi barin tsibirin ya sa babban otal ɗinsa mai ɗaki ɗari da ashirin a kasuwa, Lefteris ya ce wannan da tsabta zai yi shi, da firist da zakara kawai. Fotini ta gama karatun sarrafa otal a Atina ta dawo, ya ce ita za ta riƙe shi.

A al'adarmu, ranar buɗe sabon wuri ana zaɓen mai farin jini ya fara shiga da ƙafar dama. Jama'a suka ce ai sai Fotini. Da hantsi ne, rana tana bayanta. Ta ɗaga ƙafa tana dariya, inuwarta ta riga ta ƙetare dokin ƙofa. Aka yi tafi. Da ta fito ta ratsa farin tsakar gidan ta nufo ubanta, shi kaɗai ya kalli ƙasa. Kowa yana da inuwa a filin nan, har tukwanen furanni, ban da ita.

A guje ya hau dutsen, ya faɗa bukkar yana haki.

"Ban auna ba! Barba, na rantse ban auna ba!"

"Na gaya maka duk ƙofarka tana ciki. Ka hana ta, ta ɗauka da kanta."

"Ka karɓi otal ɗin duka ukun."

"In yi me da su? In zuba awaki?" Tsohon ya jefa masa zare. "Musaya ɗaya ce, inuwarka a madadin tata, kafin kwanakin su cika. Amma wanda kuka ci burodi tare ne zai auna, kuma wannan karon sai ya san abin da yake yi."

Ya fara gwadawa da kansa. Mutum ba ya auna inuwarsa, yana sunkuyawa tana tsugunawa. Sai ya je wa Argiro, ya durƙusa ya faɗa mata komai, da maɓallin riga da guguwar ƙarya. Ta saurare shi har ƙarshe, ta yi wata ƙara da maƙwabta suka ji har tasha. Daga ranar ba ta ƙara gane kowa ba, sai asibiti.

Saura Fotini. Da farko dariya ta yi, ta ce camfin tsofaffi ne. Ya jawo ta cikin rana ya nuna mata ƙasa. Ta daɗe tana kallo. Ya ba ta labarin kakanta da na Sifis, ya danƙa mata zaren, ya juya mata baya.

"Auna, 'yata. Don Allah ki auna. Ni na ci, ni ya kamata in biya."

Da ya waiwaya, ta ajiye zaren a ƙasa.

"Baba, so kake in zama irinka?"

Kwana talatin da ɗaya yana binta da roƙo, yana kuka, yana kama ƙafafunta a gaban ma'aikata. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma ɗauki zaren ba. Ranar ta arba'in ta zauna a kujerar karɓar baƙi, ta kifa kai a tebur, shi ke nan.

Labari ya fita daga bakinsa da kansa, a kasuwa, a gaban coci, ga duk wanda ya tsaya. Ma'aikata suka watse, babu mai saye, gishirin teku ya cinye tagogi. Ya fasa dokin ƙofa ukun da guduma, bai sami ko silin zare ba. Yana nan da rai har yau, lafiyarsa ƙalau, kuma hankalinsa bai gushe ba ko na minti ɗaya, ya roƙi hakan bai samu ba. Kowace safiya yakan tsaya a ƙofar babban otal ɗin, don ya ce yana jin takunta a ciki tana jera makullai.

To, kai mai hangen gidan maƙwabci kana cizon yatsa, ka ji. Masu ba da arziki a cikin duhu ba sa karɓar abin da ka ƙi, abin da kake so suke ɗauka, kuma ba kai za su tambaya ba in sun zo zaɓe. In rabonka ɗaki tara ne babu kowa a ciki, ka zauna ka ci busasshen burodi da mutanenka suna raye.