Sunan da Lele Ta Raɗa wa Babanta

Ruwa kawai Lele ta roƙa da yatsunta, yadda aka koya mata a makaranta, amma Hajiya ta kai wa hannun duka har cokalin yarinyar ya faɗi ƙasa. Shekarar Lele bakwai, kuma tun da aka haife ta ba ta ji. Ita dai kakar tata ta kafe a kan cewa wannan wasan hannu ne ya hana bakin yarinyar buɗewa, kuma makarantar ce ta lalata musu jika.

Maman Lele ta fito daga kicin. Ta dubi mijinta, Direba, wanda a da yakan zagayo layinsu sau uku don kawai ya hango ta a ƙofa. Yau ga shi a kujera ya duƙufa a kan waya kamar ba 'yarsa aka buga ba. Wannan shirun nasa ya fi dukan ƙona mata rai.

"Gobe a cire ta daga makarantar nan," in ji Hajiya, tana kallon ɗanta. "Ko ka zaɓi maganata, ko ta matarka."

A ɗaki ya soma lallashin matarsa, wai a yi wa tsohuwa haƙuri, wai na ɗan lokaci ne. Ta share hawayenta ta ce ba za ta yi musu da mahaifiyarsa ba, amma ƙafarta ba za ta taka makarantar don wannan aika-aikar ba.

"Kai ka haife ta. Je ka da kanka ka rufe mata bakin da ta samu. Ni dai in aka cire ta, ban san da wane ido zan ƙara kallonka ba."

Da safe ya tafi makarantar a fusace, Lele na biye da shi da jakarta. Bai taɓa shiga ajin ba. Kujerun a zagaye suke don kowa ya ga fuskar kowa, ga dogon madubi a bango, ga jar fitila da ake kunnawa maimakon ƙararrawa. Yara sai hira suke da hannu, har da gulma da ƙyalƙyala dariya. Lele da yake gani shiru-shiru a gida, ashe a nan ita ce sarkin surutu.

Malamar ajin ta saurari bayaninsa har ƙarshe. Ta ce maganar hannu ba ta hana baki buɗewa, akwai ma mai koya musu motsa leɓe a gaban madubin nan. Da ta ga bai sauko ba, sai ta gaya masa cewa a nan kowa yana da sunan hannu, kuma yaran ne ke raɗa shi bisa abin da suka fi sanin mutum da shi. Ta yafito Lele ta tambaye ta sunan mamanta. Yarinyar ta ɗora yatsa a kumatu, daidai inda uwar ke lotsawa in ta yi murmushi. Na Hajiya kuwa yatsa ne ana kaɗa shi a gaban hanci, har Direba ya kusa yin dariya.

"To ni fa?" ya tambaya.

Lele ta ɗaga tafinta, ta kare gefen fuskarta, ta kau da kai.

"Me hakan ke nufi, Malama?"

"Mai juya fuska. Ita da ido take ji, Malam. Duk sanda ka kau da kai, ka katse ta ke nan a tsakiyar magana."

Kunya ta kama shi, sai kuma haushin kansa. Yarinyar ba da ƙeta ta yi ba, murmushi ma take, don a wurinta sunan babanta ke nan. Ƙaton mutum ya zauna a 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya roƙi Malama ta nuna masa yadda ake cewa a yi haƙuri.

Da yamma ya durƙusa gaban Hajiya ya ce ta yafe masa, amma Lele ba za ta bar makaranta ba, shi ma ya shiga ajin iyaye na ranar Asabar. Hajiya ta yi faɗa, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsu. Maman Lele ba ta fasa kai mata abinci da ladabi ba, har tsohuwar ta gaji da zama bare a hirar gidan ɗanta, ta tambayi yadda ake kiran jika da hannu.

Kafin hutun makaranta Lele ta sauya wa babanta suna: yatsu biyu daga idonsa zuwa nata. A ranar nan Maman Lele ta yi kukan da ba na baƙin ciki ba, shi kuma ya riƙe hannunta a gaban kowa.

Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba ta haɗa da danne haƙƙin yaron da ba zai iya kai ƙara ba. Wanda yake son mace da gaske, ya fara da juyo da fuskarsa ga ɗan da ta haifa masa.